Ɗakin Kwana Ya Zama Ɗakin Wasa: Abin Da Na Koya A Sabo Ta Ibadan

Kafin mu tashi hutun ƙarshen shekara, malamarmu ta darasin tarbiyyar ƙananan yara ta umurce mu kowa ya nemi wurin da a ke renon yaran da ba su isa shiga makaranta ba, ya zauna ya lura da kyau, ya rubuto abin da ya gani. Yawancin 'yan ajinmu suka nufi makarantun reno masu lilo da bango mai fenti. Ni kuwa ba ni da kuɗin motar yawo, sai na tafi wurin Gwaggona a Sabo ta Ibadan, wadda ta ke riƙe 'ya'yan maƙwabta a ɗakin da 'ya'yanta su ke kwana. Na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin nan duk da kuskuren da na yi a ciki, gama da zarar mun karɓi takardar shaidar malanta, danginmu za su riƙa neman shawararmu a kan irin wannan, su na zaton mun sani.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Sabo unguwar Hausawa ce kusa da Mokola, cikin birnin da tsofaffinmu su ke kira Badun. A shekarar 1916 aka keɓe ta domin baƙi 'yan Arewa, fataucin goro da na shanu kuma su suka raya ta. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikinta a 1962 da 1963, ya tarar mutanenta sun kai wajen 4,000, littafin da ya rubuta a kansu kuma ya fito a 1969. Cikin abin da ya bayyana akwai biyu da suka shafe mu. Na fari, matan aure su na cikin kulle, su na dafa abincin sayarwa, yara ne ƙafarsu wajen talla da aike. Na biyu, riƙon 'ya'yan dangi da na aminai ya yi yawa ƙwarai. Watau tun da can yaron Sabo ya saba da hannun da ba na uwarsa ba.

Abin da ya sake shi ne wanda ya ke yin renon, da wurin da a ke yinsa. Da, yarinya 'yar shekara takwas ko tara ita ce mai goyon ƙanenta daga safe har azahar. Jihar Yamma ta fara ba da ilmin firamare kyauta a 1955, aka yi na ƙasa baki ɗaya a 1976, dokar ilmin bai-ɗaya ta biyo baya a 2004. A hankali yayyen nan suka koma aji da safe, wanda abin murna ne, amma bayan da a ke goya jariri a kai ya tafi tare da su. Har wa yau mata da dama sun shiga fita, wata kasuwar Bodija, wata koyarwa a Islamiyya, wata ɗinki. Ga shi kuma gidajen unguwar sun cika, an yayyanka tsakar gida an yi ɗakunan haya, abin da ya rage ɗan lungu ne mai kwata da igiyar shanya. Ruwan Ibadan kuwa ba irin na Kano ba ne, ya kan soma tun wajen Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sosai sai bayan Oktoba. Saboda haka wasan da ɗan Katsina zai yi a kan rairayi a inuwar darbejiya, ɗan Sabo a ɗaki zai yi shi, ko mun so ko mun ƙi.

Gwaggo mijinta ya rasu shekara uku ke nan. Ɗaki biyu gare ta da 'yar baranda. Ɗaya nata ne, nan keken ɗinkinta da kayan abinci su ke. Ɗayan na yara, nan 'yan mata biyu 'yan firamare su ke kwana tare da Auta, wadda ta ke cikin shekara ta huɗu. Sa'ad da na isa, yara bakwai a ke kawo mata kowace safiya, babbansu ɗan shekara biyar, ƙaraminsu mai rarrafe. Iyayensu su na biya duk ƙarshen mako, da kuɗin nan a ke biyan haya.

Kada wani ya raina wannan ya ce ba makaranta ba ce. Mun karanta labarin Mariya Montessori a aji. Gidan yaranta na farko, wanda ta buɗe ran 6 ga Janairu 1907 a unguwar San Lorenzo cikin birnin Rum, ɗaki guda ne a gidan hayar talakawa, inda iyaye su ke fita aiki su bar yara su na ɓata bango. Ba ta fara da gini ba. Ta fara da rage tsawon kujeru da tebura, da ajiye kaya inda hannun yaro zai kai. Da wannan labari a kaina na shiga ɗakin Gwaggo, ina jin kaina kamar wata Montessori.

Awon ɗaki

Abin da na fara yi daidai ne, ina kuwa roƙon kowa ya fara da shi. Na ari tef ɗin ɗinkin Gwaggo na auna. Tsawon ɗakin mita 3 da rabi, faɗinsa mita 3, watau murabba'in mita 10 da rabi. Gadon ƙarfe ya cinye 3, kabad da akwatuna sun cinye 1 da rabi. Saura 6. A kan wannan 6 ɗin yara takwas su ke wuni, in an lissafa da Auta.

A Ingila, inda tun 1948 aka kafa dokar yi wa masu renon yara a gida rajista, ƙa'idarsu ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi murabba'in mita 3.5, ɗan shekara biyu 2.5, ɗan uku zuwa biyar 2.3. Mai reno guda kada ta riƙe fiye da yara shida 'yan ƙasa da shekara takwas, kuma 'ya'yan cikinta su na cikin lissafin. Ban kawo wannan don in ce dokarsu ta hau kanmu ba. Ma'auni ne kurum, kamar yadda a ke aron mudun maƙwabta. In muka ɗauki 2.5 muka raba 6 da shi, za mu ga ɗakin bai isa yara uku ba. Nan na gane dalilin da ya sa ba a minti goma ba a ji kuka ba. Yaran ba su da mugunta, wuri ne ba su da shi. Wanda ya miƙe ƙafa ya shuri wani, wanda ya juya ya rushe ginin wani.

Muka kwance gadon aka kai shi ɗakin Gwaggo, 'yan matan suka koma katifu marasa kauri waɗanda a ke naɗewa a ɗora bisa akwatuna. Fili ya zama 9. Muka sa wani kafinta ya yi ɗan ƙyaure a bakin baranda wanda ya kai ƙugun babba, baranda ta shigo cikin lissafi da 6, jimla 15. Wannan wurin yara shida ne. Na gaya wa Gwaggo haka. Ta dube ni ta ce, "Malama, awon naki zai biya mini haya?" Ban sami amsa ba. Daga baya muka shirya a kan cewa biyu daga cikin manyan za su shiga makaranta a Satumba, in sun tafi ba za ta ɗauki waɗansu a madadinsu ba. Ta yarda, amma ba da fara'a ba, ni ma kuwa ban ga laifinta ba. Mu da mu ke ba da shawara daga littafi, ya kamata mu tuna ba daga aljihunmu a ke cire kuɗin ba.

Duba da gwiwa

Babba ya na ganin ɗaki daga sama, yaro daga ƙasa. Hanyar da za ka ga abin da ya ke gani ita ce ka durƙusa ka yi rarrafe ka kewaye ɗakin. Na yi haka, yara su na ta dariya. A bayan akwati na sami kwalbar lemo da kananzir a ciki. A lungun da gado ya ke a da, ga maganin ɓera a kan 'yar takarda. Wayar caja ta na reto daga soket daidai fuskar mai rarrafe. Na kuma tsinci goro ƙanana guda biyu, da murfin kwalba, da ƙaramin batiri mai kama da maɓalli.

Goron nan shi ya fi tsaya mini a rai, don a Sabo ba gidan da ba shi. A Amurka masu gwada kayan wasa su na da wani ɗan bututu mai faɗin santimita 3 da 'yan kai. Duk abin da ya shige cikinsa ba a yarda a ba yaron da bai kai shekara uku ba, don ya na iya toshe masa maƙogwaro. Ƙaramin goro zai shige, haka gyaɗa, da ƙwallon dabino, da tsakiyar wuya. Batirin nan kuwa ya fi su duka sharri, gama in yaro ya haɗiye shi ya kan ƙone hanyar abinci cikin 'yan sa'o'i, sai a garzaya asibiti ba tare da jiran alama ba.

Kabad ɗin da aka jera kwanonin auren Gwaggo a ciki muka ɗaure shi da bango, don yaro in ya ga abu mai hawa-hawa tsani ya gani. Gidan sauro a ɗage shi sama da safe, kada igiyarsa ta sauko. Bokitin ruwa kada ya wuni a baranda ko da ruwan kaɗan ne, mai tatata in ya faɗa da ka ba ya iya fitowa. Maganin sauro na hayaƙi ba a kunna shi yara na ciki, janaretan maƙwabci kuma muka roƙa ya matsar da shi daga gindin taga. Waɗannan duka ba su ɗauke mu kwana biyu ba, ba su kuma ci kuɗin kirki ba.

Inda na yi kuskure

Da na ga fili ya samu, sai na shiga shirya shi kamar aji. Na sami kwando babba na zuba kayan wasa: gwangwanaye manya da aka dadaddaƙe bakinsu, ƙananan ƙore, ludayi, faifai, guntayen atamfa daga ɗinkin Gwaggo, da gutsattsarin katako da kafinta ya goge mana. Har nan ba laifi. Amma sai na ɗauko 'yar tsanar Auta, da 'yar tukunyarta ta wasan girki, da wata tsohuwar jaka da ta ke tara tarkacenta, na juye su duka cikin kwandon. A makarantar mishan inda na yi firamare an koya mana cewa abin da ke cikin aji na kowa ne, kuma rowa mugun hali ce. Da Auta ta yi kuka na ce mata, "Haba Auta, ba kya son 'yan'uwanki?" Tabarmarta kuma, da ya ke ita ce mai laushi, na mai da ta wurin kwantar da mai rarrafe.

Kwana na biyu Auta ta ƙi cin abincin rana. Daren nan ta yi fitsarin kwance, abin da ta bari tun bara. Kwana na huɗu wani yaro ɗan shekara uku ya ɗauki 'yar tsanar ya na jan kanta, Auta ta kama hannunsa ta gantsara masa cizo har shaidar haƙora ta fito. Da la'asar uwarsa ta zo ta gani. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗa muni. Ta saɓa ɗanta ta ce, "Sai an kwana biyu, Gwaggo." Kowa ya san a unguwa irin Sabo magana ba ta kwana a gida ɗaya. In uwa guda ta janye ɗanta don an cije shi, kafin Jumma'a uku sun bi ta.

Ni a lokacin hukuncina shi ne Auta ta sangarce, a hore ta. Akwai wata tsohuwa a gidan, kowa Iya ya ke ce mata, tun ta na amarya ta ke Sabo. Ta na zaune a bakin ƙofarta ta na jin mu. Ta kira ni ta ce, "Zo nan, 'yar boko. In mutum zai ƙara aure, a ɗakin wa a ke sauke amarya?" Na ce a nata ɗakin. Ta ce, "Uwargida fa, me a ke kai mata?" Na ce kayan faɗar kishiya. Ta ce, "To, ke kin kawo wa yarinya kishiyoyi bakwai, kin sauke su a ɗakinta, kin shimfiɗa musu tabarmarta, kin raba musu kayanta, ba ki ba ta ko ƙyalle ba. Sa'an nan ki ce ta yi murna? Ni da ni ce, ke zan ciza."

Na koma na zauna na yi tunani. Sauran yaran kowannensu ya na da gidan da zai koma da yamma, da shimfiɗar da ba mai taɓawa. Wurin Gwaggo a gare su wurin ziyara ne. Auta kaɗai ce ba ta da inda za ta koma, gama inda a ke wasan nan shi ne gidanta. Kuma yaro ba ya iya ba da abu sai ya tabbata nasa ne, sai kuma ya tabbata za a mayar masa. Wanda aka ƙwace wa abu aka miƙa wa wani bai koyi kyauta ba, tsaro ya koya, haƙoransa kuwa su ne makaminsa. Na kuma tuna ƙa'idar Ingila da ta sa ɗan mai reno cikin lissafi. Na sa Auta cikin lissafin fili, amma ban sa ta cikin lissafin haƙƙi ba.

Washegari na ba ta haƙuri a gaban uwarta, abin da ya ba 'yan matan mamaki. Gwaggo ta fid da wata ƙaramar adaka ta ba ta. Muka ce duk abin da ta sa ciki nata ne, ba mai buɗewa, ko ni, ko yayyenta. Kowace safiya ita za ta zaɓi abin da ta ga dama ta ba da aro, in ba ta ga dama ba shi ke nan. Tabarmarta a naɗe ta a ɗora sama, ba mai kwanciya a kai sai ita. Kayan kwando kuwa na kowa ne, ita ma ba ta da ikon hana wani. Iyaka biyu ke nan, kuma na lura yara sun fi mu saurin gane su. Cikin mako guda sai ka ji ɗan shekara uku ya na cewa, "Wannan na adaka ne, a mayar."

Gwaggo da kanta ta ɗauki Auta da ƙullin alewa suka tafi gidan yaron da aka ciza. Abin da suka faɗa da uwar ban ji ba, don ba a tafi da ni ba. Ran Litinin aka dawo da shi.

Buɗewa da rufewa

Ɗakin Bahaushe tun asali ba aiki guda ya ke yi ba. Da dare wurin kwana, da safe a naɗe tabarma ya zama wurin zama, baƙo ya zo a shimfiɗa masa wata. Abin da muka ƙara shi ne mu sa sauyin nan ya zama a fili, a kan lokaci, yaro ya gani da idonsa. Da ƙarfe bakwai, bayan 'yan makaranta sun fita, a naɗe katifu, a share, a goge daɓe, a buɗe taga. Sa'an nan Auta ta jawo babbar tabarmar roba mai launin shuɗi, wadda ba a shimfiɗa ta sai don wasa. Shimfiɗa ta shi ne buɗe ɗaki, aikin Auta ne, ta kuwa riƙe shi kamar sarauta. Bayan la'asar kowa ya mai da abin da ke hannunsa cikin kwando, a naɗe shuɗiyar tabarma, a fitar da kwandon baranda. Kafin magariba ɗakin ya koma na masu shi, ba alamar baƙo. Amfanin wannan ga barcin dare ba kaɗan ba ne. Yaron da ya kwanta ya na kallon kwandon wasa a gefen kansa, idonsa ba ya rufuwa da wuri.

Barcin rana shi ma sai da muka gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara ɗaya zuwa biyu ya sami barcin sa'a 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan uku zuwa huɗu sa'a 10 zuwa 13, kuma dukansu su sami aƙalla minti 180 na motsa jiki kowace rana. Ɗaki guda ba ya ɗaukar barci da tsalle a lokaci ɗaya. Saboda haka bayan azahar a ke sakin labule, ƙanana su kwanta ciki, manyan da barci bai ɗauke su ba su koma baranda a yi musu tatsuniya a hankali. Na san za a ce ba a tatsuniya da rana. Iya ma ta faɗa, amma daga baya ita ta karɓi aikin. Kowane yaro uwarsa ta kawo masa zanen shimfiɗarsa, kada a gauraya, don ƙazuwa da makero ta shimfiɗa su ke bi. Jariri a kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai ƙarfi, ba matashi. Mai zazzaɓi ko gudawa ko ƙuraje ya zauna gida, wannan kuwa a faɗa wa uwa tun ranar da ta fara kawo shi, kada a bari sai ranar da ya kamu, lokacin da maganar za ta zama kamar kora.

Minti 180 ɗin nan ne har na taho ban ga yadda za a cika su ba. In an ɗauke ruwa mu kan fita da su lungun gidan su yi guje-guje, Iya ta tsare bakin ƙofar waje saboda babura. In ana ruwa sai tafa-tafa da 'yar rawa a kan tabarma, wanda bai kai ba. Wanda ya san dabarar da ta fi wannan cikin 'yan'uwa, musamman waɗanda suka yi koyon aiki a unguwanni masu cunkoso, ina so ya same ni a ɗakin karatu mu yi magana.

Fitsarin kwancen Auta ya ɗauke bayan kwana tara. 'Yar tsanar ta yi mako uku cikin adaka ba ta fito ba. Ran da zan komo kwaleji, ina ɗaure kayana, na ga ta fito da ita ta miƙa wa yaron nan da ta ciza, ta ce masa, "Aro ne, ka ji? In an naɗe tabarma ka ba ni." Gwaggo ta ce in na zo hutun Disamba in sake awon ɗakin, don mai rarrafen nan lokacin ya fara tafiya, kuma akwai wata maƙwabciya mai ciki da ta riga ta yi mata magana.